Sefa, naira da ragowar tamma: wane irin kolon ya dace da kuɗi a rumbun bayanai?

Lawali: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani ciwo da manhajojin lissafi na shaguna da magaza a nan Maradi suke yawan fama da shi. Teburin faktir a MySQL, manhajar rumbun bayanai, kolon kuɗi, wato ginshiƙin teburin da ake zuba kuɗi, an sa masa FLOAT, nau'in lamba mai ɗigo da ke riƙe kusan daidai. A shigar da 1,234,567, a buɗe a tarar da 1,234,570. Ƙarshen wata kuma jimillar kwamfuta ta ƙi haɗuwa da ta takarda, yau tamma uku, gobe tamma ashirin. Masu sa FLOAT suna cewa ai sefa ba ta da kwabo, to ina matsalar za ta fito? Ina so manyanmu su warware mana: wane nau'i ya dace da kolon kuɗi, kuma a ina ake yin arondi, wato cike lamba zuwa mafi kusa, musamman ga ɗan kasuwar da ke saye da naira a Kano ko Jibiya yana sayarwa da sefa a nan.

Malam Sanusi: Wa alaikumus salam Lawali. Abu biyu ne suka haɗu a misalinka, kuma sai an raba su kafin a taɓa teburin.

FLOAT na MySQL bit 24 kawai yake da shi na riƙe lamba. Cikakkiyar lamba tana zama daidai a cikinsa har zuwa 16,777,216. Daga nan zuwa 33,554,432 biyu-biyu yake tsallakawa, daga can kuma huɗu-huɗu. Kayan tirela guda na 25,450,735 in ka zuba a FLOAT, abin da ya zauna 25,450,736 ne, kuma ainihin lambar ta tafi ke nan.

Shi kuwa 1,234,567 ɗinka bai lalace ba, yana nan daidai a ciki, domin bai kai iyakar ba. MySQL ne yake nuna FLOAT da lambobi shida kawai, shi ya sa ka ga 1,234,570. Ka rubuta SELECT adadi + 0 za ka ga ta fito cikakkiya. Wannan yana da muhimmanci ranar gyara, za mu zo kansa.

Ibro: Malam, to ai DOUBLE, babban yayan FLOAT, ya raba gardama. Yana riƙe cikakkiyar lamba daidai har 9,007,199,254,740,992. Babu ɗan kasuwar da zai kai can, ko da ya haɗa kasuwar Maradi gaba ɗaya.

Malam Sanusi: In da tamma cikakkiya kaɗai za a yi ta zubawa ana tarawa, da maganarka ta zauna, Ibro. Amma da zarar an raba, ko an cire kashi cikin ɗari, ko naira ta shigo da kwabonta, an shiga bayan ɗigo. Kwamfuta da biyu-biyu take ƙirga, kuma 0.1 ba ya ƙarewa a wannan ƙirgar, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a tamu. Buɗe burauza ka buga 0.1 + 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004. Buga 4.35 * 100, za ta ba ka 434.99999999999994. Wanda ya yanke bayan ɗigo don ya mai da naira 4.35 zuwa kwabo ya samu 434, kwabo ɗaya ya zube. Kuma sharaɗi irin "in abin da aka biya ya yi daidai da bashi, rufe faktir" yakan ƙi cika, sai ka ga faktir an biya shi tas amma yana nan cikin jerin masu bashi da ragowar 0.00000000001. DOUBLE kamar awon gero ne da tiya, kowane awo yana kusa da daidai, amma ba da shi ake auna zinariya ba.

Hajiya Hadiza: Ni a wajena amsar tambaya ta farko gajera ce: DECIMAL a MySQL, NUMERIC a PostgreSQL. Suna ajiye lamba da goma-goma yadda aka rubuta ta, 0.1 tana nan 0.1. DECIMAL(18,2) ya ɗauki sefa, ya ɗauki naira, ya ɗauki dirhamin Dubai da yuwan na Sin, duk wanda ya buɗe teburin kuma zai karanta 1500.00 ya gane. A kula dai, in ka rubuta DECIMAL kawai a MySQL ba ka faɗi girma ba, DECIMAL(10,0) yake ba ka, babu ko gurbi ɗaya bayan ɗigo.

Malam Sanusi: Hajiya, a nan muka ɗan rabu. Ni BIGINT, nau'in babbar cikakkiyar lamba, nake ba da shawara, a ajiye kuɗi da mafi ƙanƙantar ƙwayarsa: tamma ga sefa, kwabo ga naira. A ƙa'idar ISO 4217 ta nau'o'in kuɗin duniya, XOF, wato sefa, ba ta da gurbi bayan ɗigo, NGN, wato naira, tana da biyu, dinarin Tunisiya da na Kuwaiti suna da uku. DECIMAL(18,2) zai karɓi 237.50 na sefa ba tare da ya ce uffan ba, alhali babu wannan kuɗin a duniya. Rabin tamma nan, rabin tamma can, allo yana nuna 238, rumbu yana tara 237.50. Bambancin ƙarshen wata da Lawali ya ambata yakan fito daga nan ko babu FLOAT.

Hajiya Hadiza: Gaskiya ne yana karɓa, amma ana rufe wannan ƙofar da layi ɗaya:

CHECK (irin_kudi <> 'XOF' OR adadi = ROUND(adadi, 0))

Sai dai a duba sigar MySQL, domin kafin 8.0.16 yana karanta CHECK ya wuce bai aiwatar ba. BIGINT ɗinka kuma yana da nasa ramin, Malam. Lamba 150000 a layi ɗaya jika ɗari da hamsin ce, a layin da ke ƙasa naira 1,500 ce. Duk mai haɗa rahoto sai ya tuna ya raba da ɗari a wani layi, ya bar wani. Ranar da yaron da aka ɗauka aiki jiya ya manta, mai shago zai ga bashin abokin cinikinsa na Katsina ya ninka sau ɗari.

Malam Sanusi: Shi ya sa ake yin ƙaramin tebur na nau'o'in kuɗi, kowanne da adadin gurbinsa, a bar rabawar a wuri guda cikin kod. Amma na yarda, inda mutane da yawa ke shiga rumbu kai tsaye suna jan rahoto zuwa Excel, hujjarki ta fi ƙarfi. Inda manhajar waya ce ke rubutu, tawa ta fi.

Zubairu: Bari in ƙarfafa wannan na ƙarshen, domin masu rubuta manhajar Android a cikinmu suna da yawa. SQLite, rumbun da ke cikin wayar, ba shi da DECIMAL na gaskiya. Ka rubuta DECIMAL(18,2) zai karɓa, amma da ka zuba 4.35 a matsayin REAL zai ajiye, wato DOUBLE ɗin da ake gudu. Ko kolon INTEGER ne, ka tura masa 237.5, ajiyewa zai yi a haka bai yi ƙorafi ba. Saboda haka a SQLite cikakkiyar lamba ce kaɗai mafita, tare da CHECK (typeof(adadi) = 'integer'). Akwai tebur mai STRICT tun siga 3.37, amma tsofaffin wayoyin da ke hannun masu shaguna ba su da ita, CHECK ɗin ya fi tabbas.

Kuma a guji INT, ƙanen BIGINT. Iyakarsa 2,147,483,647. Da kwabo wannan naira miliyan 21 da 'yan kai ne kawai, kuɗin da bai sayi mota guda ta kaya ba. In MySQL ba ya cikin yanayi mai tsauri, ba ya ƙin lambar, datse ta yake yi ta tsaya a iyakar. A SQL Server kuma SUM na kolon INT shi ma INT ne, rahoton shekara sai ya fashe ko da kowane layi ƙarami ne.

Ibro: PostgreSQL fa yana da nau'in da sunansa ma money. Me ya hana a yi amfani da shi?

Hajiya Hadiza: Kada ka kusance shi, ƙanena. Adadin gurbinsa bayan ɗigo daga saitin lc_monetary na rumbun yake fitowa, kuma bai san sefa yake riƙe ko naira ba. Ka kwashe bayanai daga saba, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta, mai saitin Faransanci ka zuba a mai saitin Ingilishi, ko dai ya ƙi shiga ko ya shiga da wata ma'ana.

Lawali: Madalla. To nau'i ya fito: DECIMAL ko BIGINT, da kolon irin kuɗi a gefe. Saura arondi, wanda ni a ganina shi ya fi haddasa rigima tsakanin mai manhaja da akawu.

Malam Isufu: Nan ne aikina, bari in zauna a kai. Ku ɗauki TVA, harajin sayayya na ƙasarmu Nijar, kashi 19 cikin ɗari. Faktir mai layi uku, kowane layi 1,250 kafin haraji.

Harajin layi ɗaya 237.5. In ka yi arondi layi-layi, 238 sau uku, 714. In ka tara tukuna, 3,750, harajinsa 712.5, arondi ya ba ka 713. In kuma kayan aikinka irin masu kai rabi zuwa lamba mai rabuwa biyu ne, 712.5 ta koma 712. Faktir ɗaya, amsa uku, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Abin da ya bambanta su shi ne wurin da aka yi arondi da kuma dokar rabi.

Dokar rabin nan ba ɗaya ba ce ko a cikin rumbu guda. A PostgreSQL, round na 2.5 in NUMERIC ne 3 yake bayarwa, in double precision ne 2 yake bayarwa a yawancin injuna. A MySQL, ROUND(2.5) 3 ne, ROUND(25E-1) kuma yakan zo 2. Python da round ɗinsa na gida 2 yake bayarwa, PHP 3. To manhajar da waya ke lissafa faktir ta buga resi, saba kuma ta sake lissafawa da wani yare don rahoto, dole wata rana su saɓa.

Abin da nake so kowa ya riƙe: a yi arondi sau ɗaya, a wuri ɗaya, lokacin da ake rufe faktir, sannan a ajiye sakamakon. Kuɗin layi, harajin, jimilla, kowanne da kolonsa. Rahoto ba ya sake ninka komai da 0.19, tara abin da aka ajiye kawai yake yi. Abin da aka buga a takarda aka miƙa wa mai saye shi ne gaskiya, rumbu kuma dole ya iya maido shi tamma da tamma bayan shekara biyar, ko an canza farashi, ko an canza adadin haraji. Shi ma adadin harajin a ajiye shi a kan layin faktir, kada a dogara da teburin saiti na yau.

Ibro: Malam Isufu, tsakanin layi-layi da jimilla wanne ne daidai?

Malam Isufu: Wannan ba mai kod ke yanke shi ba. A zauna da akawun kamfanin, ya faɗi yadda yake kai wa ma'aikatar haraji, a rubuta a takarda, a bi. Ni na fi son a tara layukan da ke da adadin haraji iri ɗaya, a lissafa sau ɗaya, domin kuskuren arondi ba ya wuce rabin tamma a faktir gaba ɗaya. Layi-layi kuwa, faktir mai layi arba'in zai iya kaucewa da tamma ashirin.

Akwai kuma farashin da haraji ke cikinsa, wanda shi ne aka fi yi a shago. Kaya 1,500 ne da haraji. Raba da 1.19, ka samu 1,260.504, arondi 1,261. In ka sake ninka 1,261 da 0.19 za ka samu 239.59, arondi 240, jimilla ta zama 1,501, alhali 1,500 mutum ya biya. A nan ba a ninkawa, cirewa ake yi: 1,500 a cire 1,261, haraji 239.

Malam Sanusi: Ga masu BIGINT, ana yin wannan ba tare da an taɓa bayan ɗigo ba: a ninka da 19, a ƙara 50, a raba da 100 rabawar cikakkiyar lamba. 1,250 sau 19 ya ba da 23,750, da 50 ya zama 23,800, rabawa ta ba da 238. A MySQL da DIV ake yi. Ninkawa tukuna, rabawa daga baya. Wanda ya rubuta 1250 * (19 / 100) a PostgreSQL sifili zai samu, domin 19 / 100 tsakanin cikakkun lambobi sifili ne.

Zubairu: Dabarar ƙara 50 ga lambar da ke sama da sifili kawai take aiki, a faɗa wa mutane. Mayar da kaya yana zuwa da lamba mai ragi, kuma nan ake samun wani ɓoyayyen bambanci. A JavaScript, Math.round(237.5) 238 ne, Math.round(-237.5) kuma -237. An sayar an mayar, tamma ɗaya ta maƙale a asusun haraji. Takardar mayarwa kada ta lissafa komai, ta kwafi lambobin faktir na asali ta juya alamarsu.

Nana Rabi: Sannunku da ƙoƙari. Ni batun canji nake so a taɓa, domin kuskuren da ke can ya fi na TVA girma nesa ba kusa ba. 'Yan canji a nan da jika suke faɗin farashi: jika ɗaya naira kaza. Mu ce, don misali kawai, jika ɗaya naira 2,650. Mai manhaja sai ya juya ta, ya ce naira ɗaya 0.377358 na sefa, ya zuba a kolon DECIMAL(10,2), ta zama 0.38. Alhaji ya sayi kayan naira miliyan 5. Lissafin gaskiya 1,886,792. Da 0.38 kuwa 1,900,000. Sama da jika goma sha uku ke nan a ciniki ɗaya, daga gurbi biyu na kolon.

Ko Yuro da farashinsa ba ya motsi, sefa 655.957 tun 1 ga Janairun 1999, haka ne. Gurbi biyu ya mai da shi 655.96. In aka juya shi aka ajiye da gurbi huɗu, 0.0015, to miliyan ɗaya ta sefa ta zama Yuro 1,500 maimakon 1,524.49.

Shawarata: kada a juya farashin canji. A ajiye shi yadda aka faɗe shi, kolon biyu, 1,000 a gefen sefa, 2,650 a gefen naira. Lissafi: naira sau 1,000, a raba da 2,650, arondi sau ɗaya a ƙarshe. In dole sai kolon ɗaya, NUMERIC(18,8) ko fiye. Kowane ciniki kuma ya riƙe abu huɗu: adadin asali da irin kuɗinsa, farashin da aka yi amfani da shi a lokacin, da adadin sefa da ya fito. Farashin safe ba shi ne na la'asar ba, teburin "farashin yau" ba ya isa.

Hajiya Hadiza: Haka ne Nana. Farashin ƙwaya ɗaya ma ɗan uwan wannan ne. Katan mai guda 48 an saye shi 17,500, guda ɗaya ta kama 364.5833. In aka cike ta zuwa 365 aka ajiye, darajar katan a rumbu ta zama 17,520, katan ɗari biyar a magaza sun ƙara jika goma da babu su. Farashin saye na ƙwaya yana buƙatar gurbi huɗu ko shida, ko a ajiye kuɗin katan da adadin da ke ciki. Kuɗin da ake biya shi ne cikakke, abin da ake ninkawa da shi kuwa a bar masa faɗi.

Lawali: Rabon kuɗi fa? Misali kuɗin mota 10,000 da za a raba wa kaya uku gwargwadon nauyi, buhu uku, buhu uku, buhu ɗaya.

Malam Isufu: Kasonsu 4,285.71 da 4,285.71 da 1,428.57. Arondi ɗai-ɗai ya ba da 4,286 da 4,286 da 1,429, jimilla 10,001. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce a zubar da bayan ɗigo duka tukuna: 4,285 da 4,285 da 1,428, jimilla 9,998. Saura tamma biyu, a ba waɗanda ragowarsu ta fi girma, wato biyun farko. An samu 4,286 da 4,286 da 1,428. In ragowa ta yi kunnen doki, a bi lambar layi, don amsar ta riƙa fitowa iri ɗaya kullum.

In kuɗin hannu za a biya, a yi rabon da dala, wato tamma biyar-biyar. Bashin 100,000 biya uku: dala 20,000 ke nan, a raba uku, 6,666 saura biyu. Biya na farko da na biyu 33,335, na uku 33,330.

Nana Rabi: Wannan ya kawo mu kan teburin mai karɓar kuɗi. Faktir ya ce 12,463, amma babu mai tamma uku a aljihu, ko dala da dala biyu ma wahalar samu suke. Mai shago zai karɓi 12,465 ko 12,475 ko ya yafe ya karɓi 12,450. Kada manhaja ta taɓa jimillar faktir saboda haka. A bar 12,463 a wurinsa, a rubuta abin da aka karɓa, bambancin ya tafi nasa kolon da nasa asusun. Wanda ya biya ta waya ko ta banki kuwa 12,463 cif zai biya, ba ya buƙatar wannan.

Sannan allon shigarwa ya rubuta F, alamar tamma, a gaban gurbin, ya kuma nuna adadin da haruffa kafin a tabbatar. Bakinmu da dala yake ƙirga. Mai saye ya ce ɗari biyu, yana nufin jika, yarinyar da ke kan kwamfuta ta buga 200.

Zubairu: Da rubutun lamba ma. Mai kawo kaya daga Kano zai turo 1,250.50, akawunmu zai rubuta 1 250,50. Fayil na CSV mai 1,250 in an buɗe shi a Excel na Faransanci zai iya zama 1.25, parseFloat na JavaScript, mai mai da rubutu lamba, kuma 1 yake karantawa a duka biyun. Tsakanin waya da saba a tura kuɗi ko dai cikakkiyar lamba, ko rubutu mai ɗigo ba tare da mai raba dubbai ba. Laburaren pg na Node, mai haɗa JavaScript da PostgreSQL, da gangan yake maido NUMERIC da BIGINT a matsayin rubutu. Wanda ya sa musu parseFloat ya koma gidan jiya.

Lawali: Saura wanda ya riga ya gaji tebur mai FLOAT da bayanan shekaru a ciki. Malam Sanusi, ka ce za mu dawo kansa.

Malam Sanusi: E. A tsayar da shigar da bayanai, a kwafi fayilolin rumbun kansu bayan an kashe saba. Kada a dogara da mysqldump, mai fitar da kwafin rumbu a rubuce, shi kaɗai, domin FLOAT da lambobi shidan nan yake fita a rubuce, sai 1,234,567 da ke lafiya a ciki ta koma 1,234,570 a kwafin. Daga nan a ƙara sabon kolon a gefen tsohon, a cika shi a cikin rumbun da ROUND(adadi + 0) ga layukan sefa. Na naira, a yi arondi zuwa gurbi biyu, ko a ninka da ɗari tukuna in BIGINT ne. Sai a ware layukan da FLOAT ba zai iya riƙewa ba: sefa sama da 16,777,216, naira mai kwabo kuma tun daga wajen 131,072, inda tazarar FLOAT ta wuce kwabo ɗaya. Waɗannan sai an ɗauko faktir na takarda ko takardar banki an gyara da hannu. A gwada jimillar kowane wata da littafin akawu kafin a juya kod zuwa sabon kolon. Tsohon kuma a canza masa suna a bar shi har a rufe lissafin shekara.

Hajiya Hadiza: Lawali, kafin ka fara, ka turo mana SHOW CREATE TABLE na teburin faktir da na biya, da sigar MySQL ɗin, mu ga ko CHECK zai yi aiki a kansa ko sai an sa tiriga, kod ɗin da rumbu ke gudanarwa da kansa in an shigar da layi.